Huji Huɗu a Cikin Gwaggo

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen mahauta a kasuwar Sabon Gari, ko kuwa ya taɓa taya gyaran rago ran Babbar Salla, ya san matsarmama. Ita ce 'yar jakar nan koriya da ke manne a ƙarƙashin hanta, wadda mahauci kan sassauta hannu in ya zo kanta, ya yanke ta a hankali ya yar, don in ta fashe ɗacinta sai ya ɓata naman. To, jama'a, mu ma 'yan Adam muna da ita, a ɓangaren dama ƙarƙashin haƙarƙari, kuma takan yi ciwo har likita ya ce sai an cire ta. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan fitowa shi ne in ba 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu labarin abin da na gani game da hanyar cire ta da ake yayi yanzu, watau wadda ake yi ta 'yan ƙananan huji ba tare da an tsaga ciki ba. Likitoci suna ce mata laparoskofi. Mutanen gari kuwa suna cewa aikin leza, ko da yake babu wata leza a cikinsa. Ni dai tiyatar huji zan kira ta. Tarihi nake karantawa a nan Samaru, abin da zan faɗa kuwa na tsinto shi ne a wurin jinya, da bakin likitoci, da kuma ɗakin karatu na Kashim Ibrahim.

Gwaggona, yayar mahaifina, ita ta riƙe ni tun ina ɗan shekara shida. Sunan mahaifinta aka sa mini, saboda haka ba ta faɗin sunana, Babana take ce mini. Sana'arta waina, a ƙofar gidanmu da ke Sabon Gari. Tun kafin kiran assalatu take hura wuta, kafin hantsi 'yan dako da direbobi da yaran shaguna sun cinye ƙullun. Daga bakin wannan tanda kuɗin makarantata suke fitowa, da kuɗin motar da nake shiga daga Samaru, in bi ta Zango da Hanwa da Kwangila in sauka PZ duk ranar Juma'a. Mai sayar da abinci kuwa ba ta da hutu, gama in ta yi wata guda ba ta fito ba, masu saye sun koma wani wuri, kuma dawo da su sai an sha wuya. Mai karatu ya riƙe wannan, don shi ne ma'aunin da Gwaggo ta auna komai da shi.

Shekara uku tana fama da wani ciwo. Yakan taso mata da dare, musamman in ta ci abu mai maiƙo, ya riƙe ta a gefen dama na ciki, ya zagaya har gadon baya da ƙasan kafaɗa, ta yi ta amai da zufa. Bayan sa'o'i kaɗan sai ya lafa kamar ba a yi ba. Kowa ya gani sai ya ce olsa ce. Aka sha farin maganin kemis kwalba bayan kwalba, aka sha jiƙe-jiƙe, har ƙaho wanzami ya yi mata a gadon baya. Da yake ciwon mai zuwa ne ya tafi da kansa, duk abin da aka sha na ƙarshe shi ake yabawa. Sai da wani tashi ya zo da zazzaɓi ya kwantar da ita kwana uku, sa'an nan ta yarda muka je asibiti aka yi mata hoton ciki, irin wanda ake yi wa masu juna biyu. Nan take aka ga tsakuwoyi cike da matsarmama.

A nan ya kamata in ɗan yi bayani. Hanta ce ke yin ruwan ɗacin nan, wajen rabin lita ko fiye a kowace rana, amfaninsa kuwa narkar da maiƙo. Matsarmama rumbu ce kawai: tana tara ruwan, tana kaurara shi, in abinci mai maiƙo ya sauka sai ta matse ta tura shi cikin hanji ta wani siririn bututu. In sinadaran da ke cikin ruwan suka yi yawa sai su daskare su zama tsakuwa, wata kamar ƙwayar gero, wata kamar gurjiya, wata ma ta kai ƙwan zabuwa. Abin ya fi samun mata, musamman waɗanda suka yi haihuwa da yawa, da masu ƙiba, da waɗanda suka haura shekara 40. Cikin mutum 10 masu tsakuwar, wajen 8 ba su jin komai, kuma ba a cika taɓa su ba. Amma in tsakuwa ta toshe bakin jakar sa'ad da take matsawa, to, ciwon Gwaggo ke nan. In toshewar ta daɗe jakar takan kumbura ta yi mugunya. In kuwa tsakuwar ta gangara ta toshe babban bututun, sai idanu su yi ɗorawa, abin da muke kira shawara. Ana cire jakar ɗungurungum ne domin in tsakuwar kaɗai aka kwashe, wata za ta sake taruwa. Bayan an cire, hanta na ci gaba da aikinta, ruwan yana tsiyaya kai tsaye cikin hanji.

Likitan da ya duba ta Bahaushe ne, ya kuma yi mata bayani da Hausa tiryan-tiryan. Ya ce, "Hajiya, hanya biyu ce. Ko a tsaga nan ƙasan haƙarƙari kamar tsawon tafin hannu, ko kuwa a huda wuri huɗu, a sa kyamara, a ciro ta." Gwaggo ba ta tambayi zafi ba, ba ta tambayi tabo ba. Cewa ta yi, "Likita, kwana nawa zan yi ban hura wuta ba?" Ya ce in tsagawa ce za ta yi kamar mako guda a asibiti, da mako huɗu zuwa shida kafin ta koma aiki mai ƙarfi. In huji ne kuwa, kwana ɗaya ko biyu a asibiti, mako biyu ta fara zama bakin tanda. Ta dube ni ta ce, "Babana, ai ka ji." Amma kafin a sa hannu a takarda sai likitan ya ƙara wata magana wadda na ga amfaninta daga baya. Ya ce, "Hajiya, ki sani, in na shiga na ga hanya ba ta fito mini sarai ba, zan ajiye kyamara in tsaga. Ki yarda da wannan tun yanzu, don kina barci ba zan tashe ki in tambaye ki ba."

Da yake ɗan tarihi ba ya ganin abu bai tambayi asalinsa ba, sai na bi sawu. Wani likita Bajamushe, Carl Langenbuch, shi ya fara cire matsarmamar mutum mai rai a birnin Balin cikin 1882, ta hanyar tsaga ciki, aka kuwa yi shekara ɗari ana bin wannan hanya. A ranar 12 ga Satumba, 1985, wani Bajamushen kuma, Erich Mühe, ya cire ta ta hanyar huji a garin Böblingen. Da ya kai labari gaban taron likitocin ƙasarsu a 1986 ba su ɗauke shi da muhimmanci ba, sai bayan shekaru suka dawo suka karrama shi. A 1987 Philippe Mouret ya yi irin aikin a birnin Liyon na Faransa, daga nan abin ya bazu kamar wutar daji. A 1992 Hukumar Binciken Lafiya ta Amurka ta tara masana, suka amince cewa hanya ce mai kyau ga akasarin masu wannan ciwo. A nan gida Nijeriya an daɗe kafin ta kankama a asibitocin gwamnati. Likitocin asibitin koyarwa na Ile-Ife suna cikin waɗanda suka fara ta sosai wajen 2009, har suka rubuta yadda suka yi dabara da kayan da ake samu a gida don rage tsada. Asibitin koyarwa na Aminu Kano shi ma ya shiga sahu.

Yadda ake aikin kuwa, wani abokina ɗalibin likitanci, cikin masu kai da komowa tsakanin Samaru da Shika, shi ya zana mini a bayan littafi. Ana sa mutum barci gaba ɗaya. A huda wajen cibiya, a hura iskar kabon a cikin ciki har ya tashi kamar ganga, don a sami filin aiki. Ta nan ake zura kyamara mai fitila, hoton ya fito a allon talabijin. Sa'an nan a yi huji uku a sama, kowanne faɗinsa milimita 5 zuwa 10, a zura dogayen almakashi da hantsaki. Likita yana kallon allo, hannunsa yana waje, ya nemo ƙaramin bututun da ya fito daga jakar da jijiyar jinin da ke ciyar da ita, ya danne kowanne da 'yan ƙananan ƙarafa, ya yanke, ya ɓamɓare jakar daga jikin hanta, ya zaro ta ta ɗaya daga cikin hujin. Abokina ya aje biro ya ce, "Ka lura, abin da ake yi a ciki daidai yake da na mai tsagawa. Ƙofar ce kawai aka rage."

Ran Talata da safe aka shiga da Gwaggo, kafin azahar an fito da ita. Da magariba ta sha ruwa, ta taka zuwa bayan gida da ƙafarta. Washegari ta sha kunu, da la'asar aka sallame mu. Da ta ɗaga zane ta ga 'yan filasta huɗu sai ta ce, "Babana, anya sun yi aikin nan kuwa?" Sai da nas ta miƙo mata kwalba da tsakuwoyin a ciki, ta karkaɗa ta ji ƙararsu, sa'an nan ta yi hamdala. Abin da ya fi damunta a kwana biyun farko ciwon kafaɗar dama ne, har ta yi zaton an bugar da ita a kan gadon aiki. Ashe ragowar iskar da aka hura ce ke taɓa tantanin da ya raba ƙirji da ciki, shi kuwa jijiyarsa ta haɗu da ta kafaɗa. Da ta riƙa tattaki a tsakar gida sai ya wuce.

To, a gida ne aka yi ta. Mata suka cika ɗaki wajen dubiya, kowace tana so ta ga ɗinki. Da ba su ga abin da suka saba gani ba sai ra'ayi ya rabu. Wasu suka ce ikon Allah, wasu suka ce ai wannan sakiya ce irin ta wanzamai aka yi mata da sunan tiyata. Wata tsohuwa ma cewa ta yi, "Ke dai tashi ki kama sana'arki, wannan ai ko kaciya ta fi shi." Ran kwana na huɗu na dawo daga masallaci da asuba na tarar Gwaggo ta jiƙa shinkafa tana shirin ɗaukar bokitin ruwa. Na riƙe bokitin na ce, "Gwaggo, don Allah ki yi haƙuri. Fatar ce ta warke, can ciki akwai wurin da aka ɓamɓare daga hanta, ga kuma hujin cibiya, in kika yi dako tun yanzu yana iya buɗewa ta ciki hanji ya turo." Ta ce, "Masu sayena fa?" Muka yi shawara da 'yar maƙwabta ta riƙa suya, Gwaggo tana zaune a kujera tana karɓar kuɗi tana gaisawa da jama'a. Haka aka yi har mako biyu, sa'an nan ta karɓi cokalinta, amma ɗaukar nauyi sai da ta cika wata. Ta ɗan yi fama da sakin ciki in ta ci maiƙo da yawa, abin da kan sami wasu bayan an cire jakar, ya kuwa daidaita cikin 'yan makonni. Ciwon dare bai sake dawowa ba, masu sayen waina kuma ba su watse ba.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai in ce kowa ya ruga a huda shi. Amma a daren da muka kwana a asibiti, a gadon da ke kusa da na Gwaggo akwai wata mata da aka kawo daga wani gari. An yi mata irin wannan aiki a can, aka sallame ta lafiya. Bayan kwana uku ciki ya fara ciwo yana kumbura, ga zazzaɓi, idanu suka canza. Danginta suka duba huji suka ga sun bushe sarai, suka ce ai ba daga aikin ba ne, shawara ce, aka shiga ba ta saiwoyi. Sai da ta yi mako guda a haka. Ashe ruwan ɗaci ne ke zuba a cikin cikinta. Na gan ta da robar da aka sa mata tana fitar da ruwa kore, mijinta yana zaune a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa, an ce sai an sake wani babban aiki. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Wannan ita ce babbar illar da likitoci ke tsoro. Ƙaramin bututun da ake yankewa yana haɗe da babban bututun da ke kwaso ruwa daga hanta, kuma in wurin ya kumbura sukan manne har a ɗauki wannan a matsayin wancan. Ƙididdigar da aka yi a ƙasashen da aikin ya yawaita ta nuna ana raunata babban bututun ga mutum 3 zuwa 5 cikin 1,000 a tiyatar huji, alhali a zamanin tsagawa 1 zuwa 2 ne cikin 1,000. Abin ya fi yawa a farkon shekarun 1990, sa'ad da likitoci ke koyon sabuwar hanya. Saboda haka ne a 1995 wani likita a Amurka, Steven Strasberg, ya shimfiɗa ƙa'idar cewa kada a yanke komai sai an share wurin an ga abu biyu tak suna shiga jakar, watau bututunta da jijiyarta. A sauran fannoni kuwa huji ya yi gaba: zafi kaɗan, miki bai cika ruɓa ba, ga saurin komawa aiki. Mutuwa a aikin da aka yi cikin shiri ba ta kai 1 cikin 200 ba.

Labari na uku na ƙanwar abokin zamana ne a ɗakin kwanan ɗalibai, yarinya 'yar shekara 19 mai ciwon sikila. Masu sikila jininsu yana saurin farfashewa, launin da ke fita daga jinin kuwa ta hanta yake bi, sai ya taru ya zama baƙar tsakuwa tun suna ƙanana. Wannan ya shafe mu ƙwarai, gama ana ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai wajen 150,000 masu sikila a Nijeriya kowace shekara, babu ƙasar da ta kai mu. Sau da yawa ciwon matsarmamarsu yakan ɓuya a bayan ciwon da suka saba, a ce ai tashin sikila ne. Ita wannan yarinya an shirya ta sosai, an yi mata ƙarin jini da ruwa kafin aiki, don barcin tiyata yana iya tayar musu da ciwon ƙirji mai haɗari. Aka shiga da niyyar huji, aka fito da ita da tsaga, saboda yawan kumburin da ta sha a baya ya sa komai ya manne. Abokina ya dawo ɗaki ransa a ɓace, yana cewa an karɓi kuɗin huji an yi musu tsaga. Na tuna masa cewa kusan mutum 1 cikin 20 haka takan kasance da su, fiye da haka ma in ciwon ya tsananta, na kuma ba shi labarin matar gadon kusa da Gwaggo. Likitan da ya ga duhu ya tsaya ya buɗe, ya zaɓi tabo a fata a kan rauni a bututu. Yarinyar ta yi kwana shida a asibiti, ga ta nan ta koma makaranta.

Akwai kuma batun aljihu, wanda ba a raba shi da sakamako a ƙasarmu. Kuɗin huji ya fi na tsagawa a tashin farko, domin na'urorin daga waje ake sayo su, ga iskar da ake hurawa, ga wutar lantarki wadda tilas ta tsaya cak har a gama, ko da janareta ne. Mu sai da Gwaggo ta kwashi adashinta, aka sayar da tunkiya biyu, dangi suka cika. Amma in aka haɗa da kuɗin gado, da abincin masu jinya, da cinikin mako shida da za a rasa, sai lissafin ya sake fuska, musamman ga mai sana'ar hannu. Wanda kuma bai sami halin huji ba, ko babu mai yin sa a kusa, kada ya zauna da ciwo yana jira. Tsagawa a hannun gwani aiki ne mai kyau wanda ya ceci mutane shekara ɗari kafin a san kyamara.

Abin da na fahimta daga waɗannan mata uku shi ne, mu mutanen waje da tabo muke auna tiyata, shi kuwa tabo shi ne mafi ƙanƙantar abin da ke ciki. Kyakkyawan sakamako yana rataye ne a kan zuwa da wuri kafin jakar ta sha kumburi, da hannun da ya saba kuma ya san inda zai tsaya, da kuma dangin da suka san abin da za su sa wa ido bayan an koma gida. Na farko da na ƙarshe a hannunmu suke. Mu ɗalibai mu ne ake kira in an kai tsohuwa asibiti, mu ke karanta takarda, mu ke tsayawa tsakanin likita da iyayenmu. Saboda haka in olsar wani ta ƙi jin magani, tana tashi bayan cin maiƙo tana harbawa baya, a nemi hoton ciki. In an zo sa hannu, a tambayi likita ko ya saba yin aikin, da abin da zai yi in hanya ta rufe, likitan kirki ba ya fushi da wannan tambaya. In an dawo gida kuwa, duk wanda ciwon cikinsa ke ƙaruwa maimakon raguwa, ko ya yi zazzaɓi, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ciki ya kumbura, ko idanu da fitsari suka canza launi, a mayar da shi asibiti a ranar, kome kyan hujin a ido. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti, ya saka wa masu jinyarsu da alheri, mu kuma ya ba mu ilmi mai amfani. Amin.